Na Gaba Naki Ne, Yaya

Hannun tela ya riga kunnensa jin labari. Shekara da shekaru Ikilima ke ɗinka wa ƙanwarta Bilki kayan Sallah a ɗan shagonta na Treichville a Abidjan, bayan babban masallaci, har ta kai tef ɗin ma don cika al'ada kawai take ɗauka. Amma a wannan azumin da ta zagaya shi a ƙugun Bilki, sai ya ƙi haɗuwa inda ya saba. Ta sassauta, ta sake ja. Ƙugu ya ƙaru, ƙirji ya ciko, damatsa sun yi luwai-luwai.

"Ke wane irin azumi kike yi? Mutane na ramewa, ke kina cika."

"Aceken rogo ne da kifi, Yaya," in ji Bilki tana dariya, idonta na kan waya. "Ki dai bar mini wurin numfashi, kar ki matse ni irin na bara."

Ikilima ta taya ta dariya, amma sai da ta sake duban lambar tef ɗin kafin ta rubuta awon.

Ta kusa shekara goma a gidan Abdulra'uf, ɗan kasuwar Kano mai shigo da kayan gyaran mota ta tashar jirgin ruwa, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Likitoci sun duba ta, sun ce ba su ga komai ba, sun ce a kawo maigidan. Shi kuwa kullum sai kwantenarsa ta iso zai je, kuma kwantena ba ta ƙarewa. Bilki, wadda Ikilima ta goya tana ƙarama, ta yi aure daga baya ta jera uku. Na farin yana hannun kakarsa, Hajiya Maimunatu, uwar mijinta Sharhabilu. Na biyun jelar ubansa ne. Cikin na ukun ne aka ce na Ikilima, kamar yadda ita ma Gwaggo Halima ta ɗauke ta riƙo tun ranar da aka yaye ta. Sai haihuwar ta zo da gardama, aka yi wa Bilki aiki, aka ƙara mata jini, dangi suka kwana biyu ba su san ko za ta tashi ba. Ranar suna Ikilima ta dubi jaririyar, ta dubi uwar da ko zama ba ta iya yi sosai, ta ce, "Riƙe abarki, da jininki kika saye ta."

Bilki ta kama hannunta a gaban Gwaggo tana hawaye. "Na gaba naki ne, Yaya. Mace ko namiji. Allah ne shaida."

Wannan maganar Ikilima ta ninke ta ajiye a ƙasan zuciya, kamar atamfar da ake tanadi don biki. Kullum sai ta buɗe ta leƙa.

To, tef na iya yin ƙarya, amma akwai ludayi. Duk ƙarshen mako na azumi matan gidan kan haɗu a tsakar gidan Gwaggo a Adjamé su dafa abincin sadaka. A gidan Gwaggo ba a cewa ana fashin salla. Wadda ba ta azumi sai kawai ta ce, "Miƙo ludayin," ta ɗanɗana gishirin miya, kowa ya gane ya kau da kai. Wannan shekarar, a mako na biyu, Ikilima ce ta karɓi ludayin, kamar kowane wata. Matar Zakari ɗan Gwaggo ta karɓa. 'Yar Gwaggo ta karɓa. Bilki kuwa har azumi ya gangara goman ƙarshe ba ta miƙa hannu ba. Da Ikilima ta koma baya da tunani, sai ta tuna ko kafin azumi ba ta ga Bilki ta zauna ana salla ba.

Kwana biyun farko murna ta yi. Ta tsinci kanta tana ware ƙyallaye masu laushi daga ragowar ɗinki. Ta jira. Duk cikin da Bilki ta yi, ita take fara gaya wa, kafin miji ma, ta shigo shago ta rufe ƙofa ta ce, "Yaya, na sake kwaɓawa." Wannan karon shiru. Ta kira ta a waya suka yi hirar tsadar albasa, domin Bilki sarin albasa take a kasuwar Guro. Ta ba ta ƙofa ta ce, "Jikin dai lafiya?" Bilki ta ce, "Garau."

Daga nan murnar ta fara tsami. Tana taka keke, zare na gudu, tunani na gudu. Ashe ɓoyewa take. Ashe alkawarin na bakin gadon asibiti ne, an warke an manta. Watakila ma sun shirya da Sharhabilu, in ciki ya tsufa a tura ta wajen danginsa a Bouaké, a dawo da jariri an riga an raɗa masa suna an ce ya saba da kaka. Ranar nan ta hango su a mahaɗar Roxy cikin cunkoson motoci, Sharhabilu ya karɓe mata leda, ya sa hannu ya tare mata wani mai baro. Abin da bai kai ya kawo ba, amma sai da Ikilima ta ji kamar an watsa mata barkono a ido. Ita wa ya taɓa tare mata baro? Wa ya taɓa kallon cikinta da tsoron kar a buge shi? Mutum ɗaya Allah ya zuba wa har yana zuba a ƙasa, ɗaya kuma ko ɗigo, kuma uwa ɗaya ta haife su.

Ikilima ba mai iya faɗa da baki ba ce. Tun tana yarinya in ranta ya ɓaci sai ta yi shiru ta nemi aiki. Don haka almakashi ne ya yi mata magana. Atamfar anko ce, duk matan gidan ita za su sa ranar Sallah. Ta shimfiɗa ta Bilki, ta yanka bubu, ta tattaro shi a ƙarƙashin ƙirji ta sake shi ya zubo gaba yalwatacce, irin ɗinkin da duk macen Abidjan ta san wa ake yi wa shi. Ta yi masa aiki mai kyau, don ko a fushi ba ta iya ɓata ɗinki. Ta riƙe shi a shago sai jajibirin Sallah da yamma ta aika, lokacin da babu telan da zai karɓi gyara ko uwarsa ce ta kawo.

Ranar Sallah bayan an sauko daga idi, tsakar gidan Gwaggo ta cika. Ana soya alokon ayaba, yara na yawo da sababbin takalma suna neman barka da Sallah. Bilki ta shigo ta yafa gyale har gwiwa duk da zafin rana, 'yarta a kafaɗa. Ba ta dubi inda yayarta take ba.

"Ke Bilkisu, sanyi kike ji?" in ji matar Zakari. "Cire mu ga ɗinkin Madam Tela."

Ta fizge gyalen da wasa. Aka kwashe da shewa.

"Eee, Alla! Yarinya ko yaye ba a yi ba!"

"Sharhabilu ba ya wasa, dɛ!"

"Shi ya sa ludayi ya gagare ta!"

Hajiya Maimunatu ta ajiye kofin bisap ɗinta, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Gwaggo Halima kuwa ta juyo da murmushin tsofaffi ta ce, "Ikilima, sai ki fara wanke zanen goyo. Ni shaida ce."

Abin da Ikilima ta so ke nan, a faɗa a gaban kowa yadda ba mai janyewa. Amma daɗin bai kai mata ciki ba, don Bilki ba kunya ce a fuskarta ba. Ta miƙa wa wata 'yar, ta damƙi hannun yayarta ta ja ta ɗakin Gwaggo, ta turo ƙofa.

"Me na yi miki, Yaya?"

"Ni za ki tambaya? Wata nawa ne? Ko sai kin haihu zan ji a bakin 'yan kasuwa?"

"Ba ni da komai."

"Ki gaya wa wanda bai auna ki ba. Azumi talatin kika yi cur."

"Allura nake yi."

Ikilima ta tsaya. Daga waje ana ta dariya, wani yaro na kuka a kan balan-balan.

"Allurar me?"

"Ta hutu. Duk wata uku. Tun da na yi arba'in." Bilki ta sassauta murya. "Ita ta ɗauke mini jinin, ita ta sa ni ƙiba. Sajfam, ungozomar asibitin, ta ce wasu haka take musu, wasu kuma ta riƙa ɗigo. Sharhabilu ya sani, shi ya raka ni ranar farko. Hajiya ce ba ta sani ba, kin san abin da za ta ce. Yanzu ga shi kin sa ta guɗa."

Ta ɗaga bubun, ta sassauta zane. Ikilima ta san an yi aikin, ita ta kwana a barandar asibiti, amma ba ta taɓa ganin wurin ba. Tabo ne mai kauri a ƙasan mara, gefe ɗaya ya tattare kamar ɗinkin ɗan koyo.

"Likita ya ce mahaifar ta yi siriri a nan. Ya ce in na sake ɗauka kafin ta huta sosai, tana iya yagewa. Ya ce ko bayan hutun ma sai an duba. Tun ina gadon ya faɗa, na ji da kunnena, kuma na kama hannunki na yi miki alkawari, don na ga yadda kike kallon yarinyar. Ta ina zan fara gaya miki?"

Da tausayi ne ya fara zuwa wa Ikilima, da ta gode wa Allah. Ba shi ba ne. Ɗacin rai ne. Ita ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta hau gadon likita an buɗe ta kamar buhu, tana roƙon ƙofa ta buɗu ko da taƙi ɗaya. Ga ƙanwarta, ƙofar ta yi mata yawa, sai ta bi layi duk wata uku an danna mata sakata. Ashe jinin da ke sa ta kuka kowane wata, wata allura take yi ya ɗauke ta huta.

"Allah ya ba ki, kina mayar masa," ta ce. Muryarta ma ba ta gane ta ba.

Bilki ta saki rigar ta zubo. Ta share ido da bayan hannu.

"Satin nan ne ranar komawata. In kin ce kar in je, ba zan je ba. Alkawari na ɗauka, kuma da Allah na haɗa."

Kalma ɗaya ake nema: je ki. Ikilima ta ji ta a kan harshenta. Ta gyara ɗankwali, ta buɗe ƙofa, ta fita ta karɓi farantin aloko.

Satin ya wuce ba ta kira ba. Ba ta ce kar a je ba, haka take gaya wa kanta, ita ba ta ce komai ba. Likitoci ma ai suna faɗa Allah ya yi nasa. Mata nawa aka yi wa aiki suka sake haihuwa lafiya? Tana ninke kayan da ba a karɓa ba, tana ganin yaro mai kumatu yana rarrafe tsakanin ƙafafun keke, yana kiranta Mama, ba Tanti ba. Wani satin ya shiga. Rannan zaren ɗinki ya ƙare mata, ta ce bari ta haura Adjamé ta saro, ko da yake akwai mai zare a bayan shagonta.

Kasuwar Guro na tafasa. Manyan motoci na sauke doya da ayaba, masu baro na ihu a ba su hanya, ƙasa ta yi caɓi da ruɓaɓɓen tumatir. Ta sami Bilki a tsakanin buhunan albasa, 'yar na barci a kan kwali. Ta rame a ido, duk da jikin na nan.

"Kin je?"

"Kin ce in je?"

Ikilima ta ɗauki albasa ɗaya tana jujjuyawa.

"Sharhabilu ya yi faɗa," in ji Bilki. "Ya ce haukar gidanmu ce ta motsa. Na ce masa tsakanina da 'yar'uwata ne. Falo yake kwana yanzu, ya ce shi ba da hannunsa ba." Ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi tun suna yara in tana jin tsoro. "Ni fa na yi lissafi, Yaya, ke ba ki da asara. In na haihu lafiya kin sami ɗaya. In kuma abin ya zo da ƙarar kwana, wa zai riƙe su in ba ke ba? Kin ga huɗu ke nan."

Wasa ta yi. Amma kafin Ikilima ta ce a'uzubillahi, cikin ƙiftawar ido ɗaya, zuciyarta ta riga ta jera su a falonta na Treichville: babban a kujera, mai bi masa a ƙasa, wannan ta kan kwalin a cinyarta, jariri a baya. Har ta ga inda za a sa katifa. Albasar ta suɓuce daga hannunta ta gangara cikin kwata.

"Tashi," ta ce.

"Ina?"

"Tashi, na ce!" Ta juya ga matar da ke sayar da kaya a gefe. "Tanti, don Allah duba mata kayan nan."

Ta sunkuya ta ɗauki yarinyar, ta warware gyalenta ta goya ta, ta yi gaba. Bilki ta biyo ta da silifas ɗaya a hannu.

Ƙaramin asibitin unguwa ne a wani lungu bayan Roxy. Mata sun cika benci: 'yan kasuwa, wata mai kayan ma'aikatan banki, wata mai dogon hijabi tana jan carbi. Hira ake da Faransanci da Jula, Hausa na faɗowa jefi-jefi.

"Ni ƙawata ta ce jinin taruwa yake a ciki ya zama ƙulli."

"Ƙawarki likita ce? Shekarata uku ina yi, ƙullin da na tara a ɗuwawu yake, kuma maigida bai kai ƙara ba."

Aka fashe da dariya. Mai carbi ta ce ita ta bari ne don ɗigon ya dame ta da wanka, yau ta zo a canza mata wata dabara. Wata ta ce ita ta daina tun bara, sai da ta kusa shekara kafin ta samu, ta shafa cikinta da ya fara tasowa. Ikilima ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Kowacce a nan yawa ne ya kawo ta. Ita kaɗai ce ta zo da babu, da 'yar aro a baya.

Sajfam ɗin, wata doguwar mace mai furfura da ake kira Madam Akisi, ta dubi Bilki ta saman tabarau.

"Madam albasa, kin makara. Da tabon nan naki kike wasa?"

"Ni na tsare ta," in ji Ikilima.

Madam Akisi ta dube ta, ta dubi goyon, ba ta tambayi dalili ba. Ta yi wa Bilki 'yan tambayoyi a hankali, ta ɗaura mata abin awon jini a damtse.

"Kin ci sa'a ba ki wuce kwanakin rangwame ba. Allurar nan in ana zuwa a kan lokaci da wuya ta ba da kunya. Masu latti su ne ke dawo mini da labari."

"Madam," in ji Ikilima, muryarta can ƙasa, "in an daɗe ana yi, ba ta kashe mahaifa?"

"Ba ta kashewa. In an bari, wata ta samu da wuri, wata ta jira watanni, har shekara. Jinin kuma ba taruwa yake ba, jikin ne bai haɗa shi ba. Amma wannan," ta nuna Bilki da kan biro, "ba allura ce za ta ce ta sake haihuwa ko kar ta sake ba. Likita ne zai duba, kuma ni da 'yata ce, cewa zan yi uku sun isa."

Bilki ta ɗago ta dubi yayarta. Ikilima ta kau da kai ta kalli bango. Ta ji an ɓare leda, ta ji warin sifirit. Ta so ta rufe ido, amma ta juyo ta kalla, har allurar ta shige damtsen da ta auna, har ruwan ya ƙare. Abu kaɗan, bai kai cokalin shayi ba.

Da suka fito rana ta karkata. Suka taka zuwa Roxy, yaran mota na kiran unguwanni, masu talla na cusa musu kaya a fuska. Yarinyar ta farka ta sa hannu tana wasa da ɗankunnen Ikilima.

"Yaya," in ji Bilki, "in likita ya ce..."

"Ko ya ce, ko bai ce ba, na sauke miki. Ki gaya wa Gwaggo ni na ce. Hajiya kuma ni zan je in same ta, in ce idona ne ya yi ƙarya."

"Ba ki huce ba."

"Ban huce ba," in ji Ikilima. "Kar ki tambaye ni yaushe."

Woro-woron Treichville, tasin haɗaka, ya tsaya, saura mutum ɗaya. Ikilima ta sunkuya ta kwance gyalen. Yarinyar ta riƙe mata wuyan riga, sai da Bilki ta ɓamɓare 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana ganin uwarta kuma ta saki jiki ta kwanta a kafaɗarta, ko waiwaye ba ta yi ba. Ikilima ta shiga ta ja ƙofa. Bayan rigarta ya jiƙe da gumin yarinyar, da suka hau gada iskar ruwa ta shigo ta taga, wurin ya yi sanyi. Ba ta jingina da kujera ba har suka sauka.